Shuɗiya Mai Lamba Huɗu

An yi wani mutum a nan Bandung, a wata unguwa da ba ta da nisa da wannan masallaci. Ba zan kama sunansa ba, domin mahaifiyarsa tana da rai, kuma abin da ta haɗiya ya ishe ta. Wanda ya san shi a cikinku ya riƙe bakinsa. Wanda bai san shi ba ya kasa kunne, don abin da ya ci mutumin nan ba ya da girman da zai gagari aljihun kowa a cikinmu.

Ba ɓarawo aka haife shi ba. Ma'aikaci ne a ofishin wata masaƙa. Yana da mata, sunanta Titin. Mahaifiyarsa, Mak Onih, ta dawo wurinsu da zama bayan rasuwar mijinta. Ba ya shan giya, ba ya caca, ranar Juma'a a sahun gaba-gaba kuke ganinsa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kaka-gida: tara bajo.

Kun san su. Waɗannan ƙanana na ƙarfe masu fil a baya, masu launi da ƙyalli, da ake maƙalawa a jaka ko hula. Wata mai zane ce, Teh Lilis, ta fito da wani jeri na motocin angkot, ƙananan motocin hayar nan da muka yi ta shiga tun muna yara, kowane layi da launin motarsa. Kaɗan take bugawa. Kowane bajo da lambarsa a baya, in sun ƙare kuwa sun ƙare, ba ta sake buga irinsu. A rufe take sayar da su cikin 'yar takarda, ba ka san motar da ka samu ba sai ka yaga. Ranar da za a fito da sabo, kafin shayinka ya huce an wawashe.

Na daɗe ina mamakin yadda magidanta masu furfura ke rawar jiki a kan abin da bai kai murfin kwalba ba. Sai na tambayi Yayat, wani mai shagon tsofaffin kuɗi da kan sarki a kasuwa, wanda shi ma yana cikinsu. Ya yi dariya ya ce, "Ustaz, ai ba ƙarfen muke saye ba. Kujerar bayan direba muke saye, inda muka zauna da kayan makaranta, kuɗin mota a dunƙule a hannu."

Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Da kowa zai iya samu, da ba wanda zai kwana da tunaninsa. Abin da ke ɗaga zuciya shi ne a ce maka saura kaɗan. A ce wane ya samu, kai ba ka samu ba. Ka jera naka a allo, duka sun cika, sai gurbi ɗaya yana kallonka. Ya 'yan uwa, wa ya taɓa zama yana kallon haƙoransa masu lafiya? Harshe wurin giɓi yake zuwa.

Masu tarawar suna da zaure a waya, suna kuma haɗuwa ran Lahadi a wani gidan kofi, su baje allunansu a tebur, su yi musaya, su yi wa juna tsiya. A nan mutumin namu ya sami abin da ofis bai taɓa ba shi ba. A ofis ba wanda ke ɗaga kai in ya shigo. A nan kuwa ana matsa masa kujera, ana tambayarsa ra'ayi. Titin, wadda ke kiransa Kang, wato Yaya, takan ce masa, "Kang, da motocin nan naka suna ɗaukar fasinja, da tuni mun tashi daga haya." Sai ya yi dariya. A lokacin abin yana nan a matsayin dariya.

Akwai ɗaya a jerin da suke kira Shuɗiya. Ita ce ta ƙarshe. Wurin zuba launi aka samu matsala, yawancinsu suka lalace, waɗanda suka tsira ba su cika yatsun hannu biyu ba. Daga ita Teh Lilis ta ajiye aikin, ta bi mijinta wata ƙasa. Kowa a zauren ya san hannun da kowace Shuɗiya take. Mai lamba huɗu tana wurin Yayat.

Yayat kuwa ba baƙo ba ne a wurin mutumin nan. Lungu ɗaya suka tashi. Yayat ya ɗan girme shi, shi ya koya masa hawa keke, shi ya tsaya masa ranar aurensa. Kuma ga wani abu: mahaifin mutumin nan, kafin ya rasu, direban angkot ne, kuma shuɗiyar mota ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare.

Ta nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Ai ba ya zuwa ya ce maka yi sata. Cewa yake, wa ya fi ka cancanta?

Ya je ya roƙi Yayat ya sayar masa. Yayat ya ce, "Ƙanena, ko matata ba ta taɓa ta ba. Teh Lilis ce ta ba ni da hannunta ranar da ta rufe. Ka zo kullum ka kalla, kallo ba a biya."

Ya kuwa riƙa zuwa. Yana tashi daga aiki sai shagon. Ya tsaya gaban akwatin gilashi, ya ɗauki hotonta ta gaba, ya sa a juya masa ya ɗauka ta baya. Yayat yana zolayarsa, "Yau ma ka zo zance wurin budurwar taka?" Bai san hotunan nan wani gari ake aika su ba, wurin wani maƙeri da ba ya tambayar dalili.

Wata rana da rana tsaka ya zo shagon, jabun Shuɗiya da maƙerin ya ƙera masa tana aljihun rigarsa. Aka kira Azahar. Yayat ya miƙe yana naɗe hannun riga, ya ce, "Tsare mini shagon in je in dawo. Ga awara nan da zafinta, ka rage mini ko biyu." Ya ajiye makullai a kan tebur ya fita.

Ku duba wannan da kyau. Ɗan uwansa yana can goshinsa a ƙasa, shi yana nan hannunsa a cikin akwati. Liman bai sallame ba ya riga ya musanya ta gaske da jabun. Da Yayat ya dawo ya tarar da shi a zaune, awara ko ɗaya bai taɓa ba. Yayat ya ce, "Lafiya kake gumi haka?" Ya ce zafi ne.

To, ya samu. Me kuke tsammani ya biyo baya? Farin ciki?

Tun a kan babur, kafin ya isa gida, ya gane abin da kwaɗayi ya rufe masa ido bai gani ba. Ba zai iya sa ta a allonsa ba. Ba zai iya kai ta gidan kofi ba. Ba zai iya nuna wa ko mutum ɗaya ba, domin lamba huɗu ce a bayanta, kuma duk garin an san ta Yayat ce. Abin da ya sa yake son ta shi ne a gani a hannunsa. Ga ta a hannun nasa, ba damar a gani. Gurbin allon yana nan yadda yake, sai dai yanzu ba ya iya haɗa ido da shi.

Ya ɓoye ta cikin takalmi. Ya tuna Titin tana goge takalma, ya cire. Ya kai ta ƙarƙashin kujerar babur, sai ya kasa zama a ofis, yana ta leƙa taga ko an sace babur ɗin. Ya sa ta a aljihun teburinsa na aiki, ya dawo gida ya kasa cin abinci, don masu shara suna da makulli. In wayarsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. In ya ga sunan Yayat a jiki sai ya bar ta ta yi ta kuka. Ran Lahadi in wani ya ambaci Shuɗiya, kofi ya sarƙe shi.

Ya fara yi wa Titin tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta matsar da jakarsa don ta share ƙasa, ya taso mata. "Me kike nema a ciki? Wa ya aiko ki?"

Ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ce, "Kang, in wata ce kake da ita a waje ka faɗa mini. Wannan zaman ya fi ƙarfina."

Ya ɗauke jakarsa ya bar wurin. A ganinsa gara ta zarge shi da mace.

Daga ƙarshe ya sami wurin da ya ga ba mai taɓawa. Akwai tsohon kwat na mahaifinsa a rataye a can ƙuryar kabad, tun rasuwar ba wanda ya sauke shi. Ya zura ta a aljihun ciki. Ya ɗan sami numfashi.

Ana nan sai mahaifin Yayat ya kwanta. Ciwon zuciya ne, likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma ba a son jinkiri. Yayat ya sayar da abin da zai sayar, bai isa ba. Sai ya sanar a zaure cewa zai rabu da Shuɗiya. Wani mai hali ya taso daga Jakarta ran Lahadi, aka haɗu a gidan kofi, kowa ya zo kallo. Mutumin namu ma ya zo, don rashin zuwansa zai jawo tambaya.

Baƙon ya fito da ɗan sikeli da madubin dubawa. Ya auna. Ya juya ta. Ya sake aunawa. Sannan ya ajiye ta a tebur ya tura wa Yayat da ɗan yatsa, ya ce, "Malam, tun daga Jakarta ka taso ni a kan jabu?"

 Yayat ya ɗauka ya kai kusa da idonsa. Ya rantse. Ya sake rantsewa. Da ya ga fuskokin mutane ba su motsa ba, sai ya juya wurin wanda ya fi yarda da shi a duniya.

"Ƙanena, kai kullum kana ganinta. Faɗa musu."

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tuba a buɗe har bango. Kalma ɗaya za ta wanke bawan Allah, ta kai tsoho asibiti. Kunya ce ta yini guda. Me ya ce?

Ya ce, "Ni dai ta gilashi nake ganinta, Kang. Ban taɓa riƙe ta a hannu ba."

Kafin magariba hoton Yayat ya zaga wayoyi. Aka cire shi daga zaure. Mai sayar da tsofaffin kaya ba shi da jari sai amana. Waɗanda suka taɓa sayen tsabar kuɗi ko kan sarki a wurinsa suka riƙa dawo da su, suna cewa su ma a sake dubawa. Shagon ya mutu a tsaye. Aikin asibiti aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har Allah ya karɓi tsohon.

Ba zan ce bajo ne ya kashe shi ba. Ajali na Allah ne, ba ya gaba, ba ya baya. Amma tsohon ya bar duniya yana jin ana kiran ɗansa macuci, wannan kuwa akwai wanda zai amsa tambaya a kansa.

Mutumin namu ya je jana'iza. Har da shi aka ɗauki makara. Bayan haka ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sau da yawa ya yi niyyar jefa ta a kogi, sai ya kasa. Ya yi niyyar tura ta ta ƙarƙashin ƙofar Yayat, sai ya ce za a gane. Kullum gobe.

Ranar addu'ar bakwai ni aka kira in ja. Bayan La'asar ne, ana ruwa tun safe. Lokacin damina kun san yadda kaya ke yin fumfuna a kabad. Ashe da hantsi, bayan ɗanta ya tafi aiki, Mak Onih ta sauke kwat ɗin mijinta don ta goge shi. Ta ji abu a aljihu. Ta zaro, ta ga 'yar shuɗiyar mota, irin wadda mijinta ya tuƙa shekara da shekaru. Tsohuwa ba ta san zaure ba, ba ta san lamba ba. Abin da ya zo mata shi ne, marigayi ya saya mata, mutuwa ta riga shi miƙawa. Titin ta ce ta same ta zaune a bakin gado tana kuka tana murmushi.

Da ita ta maƙale ɗankwalinta a ƙarƙashin haɓa, ta zo gidan makoki.

Maza muna falo a kan tabarmi, mata suna ɗakin ciki, ƙofa a buɗe tsakaninmu. Mutumin namu daga ofis ya wuto, yana zaune daura da ni. Mun fara karatu kenan na ga ya ɗaga kai ya dubi ɗakin matan, sai fuskarsa ta koma kamar toka. Ana sanyi, shi gumi na ɗiga daga haɓarsa.  Ya yunƙura zai tashi, mutane sun cika ƙofa, ba hanya. Haka ya zauna har muka shafa, yana kallon mahaifiyarsa tana gyaɗa kai tana amin, abin yana walƙiya a wuyanta.

Imas, matar Yayat, ita ta gani lokacin da take miƙa wa tsohuwar shayi. Ba ta yi hayaniya ba. Ta fito ta raɗa wa mijinta. Yayat ya tashi ya je bakin ƙofa ya durƙusa.

"Mak, wannan abin wuyan naki, a ina kika samo shi?"

Ta shafa shi da yatsa, ta ce, "Baban yaran nan ne ya saya mini, Allah ya jiƙansa. Ka ga halinsa, bai iya ba da kyauta a hannu ba. Sai yau na tsince shi a aljihun kwat ɗinsa."

"Ki yi haƙuri, Mak, in ga bayansa."

Ta ɗan juya masa shi. Ya duba. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya waiwayo cikin falo, ya nemi ƙanen nasa da ido har ya same shi. Bai ɗaga murya ba.

"Ranar da na bar maka makullai ne?"

Mutumin namu ya sunkuyar da kai. Kowa kuwa ya gane amsar.

Mak Onih ta dubi wannan, ta dubi wancan. Imas ta matso ta yi mata bayani a hankali. Na ga lokacin da maganar ta isa zuciyarta, kuma ba na fatan in sake ganin irin wannan a fuskar tsohuwa. Ta sa hannu ta ɓalle fil ɗin. Ɗankwalin ya buɗe, ta damƙe shi da hannu ɗaya a wuya, ɗaya hannun ta sa bajon a tafin Yayat ta naɗe masa yatsu a kai. Ta ce, "Ka yafe mini, ɗana, na shigo gidan makokin ubanka da shi."

Sai ta juya wurin wanda ta haifa. "Duk faɗin gidan nan, aljihun ubanka ka ga ya dace da kayan sata?"

Ta fita cikin ruwa ba lema, hannunta a wuya. Titin ta bi ta.

Abin da ya rage ba shi da tsawo. Yayat bai kai ƙara ba. Bai ma sake yi masa magana ba. Amma waɗanda suka yaɗa hoton Yayat su suka yaɗa nasa, da ƙarin gishiri, don su wanke kansu. Labari ya kai masaƙa. Dama aikinsa ya lalace tun watannin ɓoye-ɓoye, suka ce mai riƙe makullan ofis ba zai zama wanda aka san shi da wannan ba. Suka sallame shi.

Mak Onih ta koma ƙauye wurin 'yarta, ta ce ba za ta ƙara cin shinkafar da ya saya ba. Titin ta yi haƙurin da za ta iya. Abin da ta faɗa mini shi ne, "Ustaz, satar zan iya yafewa. Amma ya bar ni ina zargin kaina, ina duba madubi ina neman abin da na rasa, ya kuma ɗauki makarar tsohon nan da hannun nan nasa. Tsoronsa nake ji." Ta tafi gidansu.

Da yunwa ta matsa, ya ɗauki allonsa, tarin shekaru, ya fita neman mai saye. Duk na gaske ne, ba jabu ko ɗaya. Ba wanda ya taya. Wa zai sayi bajo a hannun mutumin da ya san gidan maƙerin jabu?

Yana nan da rai. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan tasha. Wani lokaci nakan hango shi ya zo sallah, ya tsaya a sahun ƙarshe kusa da takalma, ana sallama ya fice kafin kowa ya juyo. Yayat kuwa an wanke sunansa, an ba shi haƙuri, amma shago bai tashi ba. Acaɓa yake yi yanzu. Inda Shuɗiya take ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga nan ya ce Ustaz ya haramta tara bajo. Ban ce ba. Ka tara abin da ka ga dama da halalinka, ka yi nishaɗi da abokanka. Kada kuma wani ya ce, ni ai ba ruwana da kayan wasan yara. Kowa yana da gurbinsa. Na wani fili ne, na wani kujera ce a ofis, na wani motar maƙwabci, na wani a ce shi ma ya je Umra. Masu sayarwa sun san mu sarai. Sun san in aka ce mana saura kaɗan, hankalinmu yakan bar jikinmu.

Ka tambayi kanka tun yau: abin nan da nake so, don shi nake son sa, ko don yana hannun wane? In na same shi, zan iya ɗaga shi a gaban mahaifiyata in faɗi yadda aka yi? Duk abin da sai ka ɓoye shi, ba kai ka mallake shi ba. Gadi kawai aka ɗauke ka, ba albashi, ba hutu.

Kuma in ka riga ka faɗa, kada ka ce gobe. Mutumin nan satarsa ta ɗan lokaci ce, da ya mayar a ranar da kunya kaɗai zai sha. Shirun da ya yi ne ya rushe gida biyu. Wanda yake riƙe da haƙƙin wani a cikinmu, mai shi yana da rai, ƙofarsa ba ta da nisa. Ka je yau, tun kana da zaɓin zuwa da ƙafarka.

Ya Allah, ka wadatar da zukatanmu da abin da ka ba mu. Ka kawar da idanunmu daga abin hannun 'yan uwanmu. Kada ka sa iyayenmu su sunkuyar da kai saboda mu. Wanda ya ɓata ka buɗe masa hanyar dawowa, wanda aka zalunta ka share masa hawaye. Allah ya kiyaye mu da abin da za mu riƙe a hannu mu kasa nunawa, duniya da lahira. Amin.